Bandir Bakwai

Tun da na tare a Rafin Guza matan zumuntarmu ba su bar ni na huta ba. Duk Lahadi in an tashi daga sujada sai wata ta ja ni gefe: "Malama Saratu, wai da gaske ne kwana uku kika yi kina yawon neman kwanon rufi? Wai har Rigachikun?" Wata kuma, da yake bakinta ba linzami, ta ce ta ji an ce na bar ɗaki guda a buɗe saboda taurin kai. To, na gaji da ba da labarin nan gutsi-gutsi a ƙofar coci. Ga shi gaba ɗaya. Wadda za ta yi dariya ta yi, ai ba a kanta ruwan yake zuba ba.

Kun dai san maigidana Ishaku ya rasu ya bar mini 'ya'ya uku da kango: ɗaki uku da falo, an kai linta, katakon rufi ma ya saya ya jingine, kwano kawai ya rage. Muna zaune a gidan haya a Badarawa, sai mai gidan ya aiko cewa ɗansa zai yi aure, yana son ɗakunan kafin ruwa ya sauka. Ana cikin haka giratutin Ishaku ya fito. Na ware na makarantar yara, na ware na ƙusa da aikin kafinta, abin da ya saura shi ne na kwano, kuma babu wani da zai biyo bayansa.

Wan mijina, Yaya Bitrus, shi ya kawo kafinta, wani Sale. Sale ya auna sama ya auna ƙasa, ya ce bandir takwas za a nema, kowane bandir falle ashirin. Da ya faɗi farashin shagon da yake saye, na lissafa a raina na ga kuɗina bandir shida zai saya. Kafin in buɗe baki Yaya Bitrus ya gyara murya.

"Saratu, abin ai mai sauƙi ne. Ki sayar mini da bayan filin nan, daga mangwaro zuwa katanga, in cika miki. Duk gida ne."

Bayan filin nan kuwa Ishaku ya bar wa 'ya'yansa maza ne, da bakinsa ya faɗa, kuma Yaya Bitrus yana wurin ranar. Na ce, "Yaya, bari dai in je in ji kuɗin kwano da kunnena."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke? Ke da ba ki san komai ba sai alli da allo? Za su sayar miki da gwangwanin madara ki ce kwano ne."

Dariyar nan ita ta ɗaura mini ɗamara. Lokacin hutun Ista ne, ba makaranta. Washegari na ɗaure kuɗina a lalita, na ɗaura zani biyu a kai, na yagi takarda daga tsohon littafin darasi, na shiga bas ɗin cikin gari.

Zangona na farko wani katafaren kanti ne mai ƙofar gilashi da fanka a sama. Komai an manna masa farashi a 'yar takarda, daga famfo har makulli. Ni da na taso a ƙauyen da ko ƙwai ba a saye sai an ja, na tsaya ina kallon ikon Allah. Wani mai ɗamarar wuya ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifa, ya ce, "Madam, an aiko ki ne?" Na ce, "E, mijina ne ya aiko ni daga kabari, ko za ka bi ni ka ji daga bakinsa?" Ya nuna mini kwanon da ɗan yatsa. Na tambaya nawa za a rage, ya ce nan ba a ragi. Na ce to nan ba a saye, na rubuta farashin na fito.

Daga nan sai layin 'yan Ibo masu kayan gini. Kai, waɗannan mutane sun iya kasuwa! Tun daga nesa ake kirana, "Mama, zo! Mama, ga naki!" Wani ya share mini benci da hannun rigarsa, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya dafe kai ya ce ina so in kashe shi. Na tashi, ya rage. Na kai bakin kwata, ya biyo ni ya rage. Na tsallaka titi, ya tsallako ya sake ragewa, har wata tasi ta kusa kwashe mu mu biyu. Ban saya ba, shi kuma bai yi fushi ba, har yana ce mini gobe ma rana ce. Na tafi ina murna na koyi darasi, wai ashe a cinikin kwano ƙafa ce ke rage kuɗi, ba baki ba. Darasin nan shi ya kai ni ya baro.

Kafin in koma gida na nemi shagon da Sale yake saye, na shiga kamar baƙuwa. Abin da mai shagon ya fara tambayata shi ne, "Wane kafinta ne naki?" Na ce ba ni da kafinta. Sai ya faɗi wani kuɗi daban, wanda zai ba ni bandir bakwai. Tabɗijam! Ashe in kafinta ya kawo ka, akwai la'adarsa a cikin farashin, kai kana yi masa godiya ya raka ka, shi yana cin rufin ɗakinka. Na sayi shinkafa da wake a bakin hanya na ci a tsaye, don lalitar ba ta barina in zauna da kyau, na koma Badarawa ƙafafuna sun yi suntum.

Rana ta biyu na nufi Kawo. Na ce wa babbar 'yata Rifkatu in ba ta gan ni ba kada ta ɗaga hankalinta, wataƙila in wuce Rigachikun wajen Delu, tsohuwar maƙwabciyarmu. Dalili kuwa, an ba ni labarin wani mai shago a can da motocin Kano ke sauke masa kwano da araha.

A Kawo na shiga shago biyu, duk kanwar ja ce. Na uku wata rumfa ce mai zurfi, ba allon suna, ba mai kiran kowa. Wani dattijo na zaune a kan buzu yana sauraren rediyo, Alhaji Mamman ake ce masa. Sai da muka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da yara da gajiya, kafin ya yarda a yi zancen kwano. Ya kira wani ɗan dako mai furfura, suka zaro falle ɗaya.

"Malama, kin san geji?"

Na ce ban sani ba, amma ba a haifi kowa da sani ba.

"Madalla. Sa babban yatsanki nan, a kan tudun, ki danna da ƙarfinki."

Na danna har farcena ya yi fari, kwano bai motsa ba. Ya ce in kama gefe in girgiza. Ƙarar ta fito da nauyi, can ƙasa-ƙasa. Ya ce, "In kin ji yana kuka kamar faranti, ki bar musu kayansu. Damina uku zai yi miki ya zama rariya." Sannan ya faɗi kuɗinsa, kuma bai fi na sauran ba, ga shi kwanon ya fi nasu kauri.

Ni kuwa da darasin jiya a kaina, na ce bari in jefa masa dutse in ga. Na taya bandir takwas da daidai abin da ke cikin lalitata, ban ƙara kwabo ba. Na tabbata zai ce albarka, in tashi, ya biyo ni. Ya rage muryar rediyo, sannan ya ce, "Gidan haya za ki rufa ko na zama?"

"Na zama. Ni da marayu uku."

Ya dubi kwanon, ya dube ni. "Na sallama. Allah ya sa albarka."

Jama'a, ku ji fa. Bandir takwas, kwano mai kyau, kuɗin na ɗaure a ƙuguna. Abin da na fito nema ke nan. Amma sai wani abu ya ce mini, Saratu, da wuri haka? Wanda ya sallama ba gardama, ai akwai sauran ragi a ƙasa. In Kawo ta ba da takwas, Rigachikun ba za ta ba da tara ba? Kuma, in faɗi gaskiya, kallon da ya yi mini bayan na ce marayu ya ƙona mini rai. Tun rasuwar Ishaku na ƙoshi da kallon tausayi.

Na ce, "To Alhaji, bari in ɗan zaga in dawo."

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya tsayar da kekensa. Ɗan dakon ya saki baki. Alhaji ya ce, a hankali, "Malama, kin taya, na sallama. Me ya rage?"

"Ai kuɗina ne. Ba a ɗaure mutum a kasuwa."

"Ba a ɗaurewa," in ji shi. "Ki sauka lafiya." Ya mayar da muryar rediyonsa. Na yi tafiyata ina ɗan rage sauri, ina jira a kira ni. Har na kai tasha ba wanda ya kira.

Motar Rigachikun ta fi awa guda tana lodi, kuma da ta tashi an cusa mu har da buhuna a kan cinya. Mun ɗan bar gari muka tarar da shinge, an gindaya katako mai ƙusoshi, ga masu kaki a tsaye. Ni nan ne iyakar ƙasata, ban taɓa wuce wurin ni kaɗai ba. Ɗaya daga cikinsu ya leƙo ya ce mene ne a wannan buhun. Tsohuwar da ke kusa da ni ta ce, "Ɗana, kada ka taɓa." Shi kuwa jin haka ya ɗaga sandarsa ya zabga wa buhun. Garin barkono ne! Kowa ya dire daga motar, mata na atishawa, direba na hawaye, shi mai sandar ya durƙusa a bakin kwalta yana tari kamar ransa zai fita. Tsohuwar ta tsaya a kansa tana cewa, "Ban faɗa maka ba?" Sai da muka kakkaɓe kujeru da ɗankwalayenmu kafin motar ta shigu.

Da muka isa la'asar ta yi, mai shagon arahar ya rufe ya tafi suna ƙauye. Dole na nemi gidan Delu. Delu hatsi take sayarwa daga cikin gida, ba ta fita, amma ba abin da ke faruwa a kasuwa da ba ta sani ba. Ta rungume ni, sai ita ma ta kama atishawa, ta ce, "Maman Rifkatu, yaji kika koma sayarwa?" Ta ba ni ruwan wanka da zaninta. Mijinta daga zaure muka gaisa, shi a can ni a nan, ban ga ko hularsa ba. A wajenmu baƙuwa da maigida kwano ɗaya ma sai su ci, amma kowane gida da tsarinsa, kuma tuwon dawa da miyar kukar da aka ajiye mini ba su bar ni na yi wani tsegumi ba.

Tana dama mini fura nake ba ta labarin Kawo, ina jin kaina gwana. Da na kai wajen "na sallama", na ce sai na tashi, ludayin ya tsaya a hannunta.

"Kika tashi? Da kuɗin a jikinki?"

"To me? Jiya sau nawa na taya na tashi?"

"Jiya an ce miki an sallama?"

Na tuna baya. Ba a ce ba.

"Haba Maman Rifkatu! Tumatir kike saye? Tambayar kuɗi daban, tayi daban. Ki zaga Kaduna kaf kina tambaya, ba mai ce miki don me. Amma kaya irin wannan, wurin dattijo irin wannan, in kin taya ya sallama, ya zama naki ko ba ki miƙa kwabo ba. Wani ya zo ya ninka kuɗin ba zai ba shi ba. Kin ɗaure masa hannu, ke kin saki naki kin yi gaba."

Na ce ni ban taso da wannan ba, kuma ba wanda ya rubuta shi a bango. Ta ce, "Shekara nawa kina Kaduna? Wanda kika tarar rubuce a bango ai kin ce ba ki so." Na ji haushinta, na ce gobe za ta gani. Ta ce Allah ya kai mu, ta miƙo mini furar.

Da safe mai shagon ya buɗe, kuma gaskiya ne, arahar har ta fi yadda aka faɗa. Kuɗina bandir tara zai saya, kwano na ƙyalli kamar madubi. Zuciyata ta yi fari, na ce yau Delu za ta san ni. Na sa aka zaro falle ɗaya, na ɗora babban yatsa na danna yadda aka koya mini. Ɓus! Ya lotsa, har yatsana ya zauna a ciki. Na girgiza shi, ya yi ta kuka yana lanƙwashewa. Mai shagon ya yi tsalle ya ce na ɓata masa kaya, sai na biya. Muka yi ta yi, mutane suka taru. Na ce kwanon da yatsan mace ya lotsa, ina ga ƙanƙara? Aka yi dariya, amma duk da haka aka ce ni na taɓa, ni zan saya. Na biya kuɗin falle ɗaya daga guzurina, na ɗauko shi a ka, na kai wa Delu na ce ta rufa wa kajinta. Ta karɓa ta jingine shi a jikin akurki, ta dube ni. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

Na kama motar Kawo, duk hanya ina addu'a. Kun dai tuna yadda shekarun nan suke, naira na faɗuwa, kuɗin kaya na safe daban na yamma daban. Na isa rumfar wajen azahar. Gefen da kwanona yake jiya wayam, an jera wani sabo a ɗaya gefen. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar ba abin da ya faru.

"Alhaji, na dawo. Ga kuɗin."

"Malama, na sa an ware miki kayanki jiya. Da la'asar wani ɗan kwangila ya zo ya ƙara a kan kuɗinki, na ce masa an sayar. Na jira ki har aka kira magariba. Da ban gan ki ba na ce ciniki ya mutu. Yau da sassafe ya dawo ya kwashe." Ya nuna sabon lodin da haɓa. "Wannan ɗazu aka sauke. Ko ni ba a ba ni shi a kuɗin jiya ba."

Ya faɗi sabon farashi, ya ce kuma ba riba a ciki da zai rage. Ban buƙaci takarda ba. Bandir bakwai.

Na so in yi masifa, na duba ko'ina ban ga wanda zan yi wa ba. Telan nan yana ta ɗinki, amma na san kunnensa na wajenmu. Na yi tunanin komawa cikin gari, na tuna can ma kaya sun kwana sun tashi, kuma nasu bai kai wannan ba. Ni Saratu, da ko Ishaku sai ya yi da gaske yake jin "yi haƙuri" a bakina, na ce, "Alhaji, na yi maka laifi jiya. Ka yafe ni."

"Ya wuce," in ji shi. "Ni kwana ɗaya kika ɓata mini. Sauran ke kika yi wa."

Na shiga bayan kwanon na kwance lalita. Ana loda wa a-kori-kura sai na ga Alhaji ya ɗora kwalin ƙusa a kai. Na buɗe baki zan ce ban roƙa ba, ya riga ni: "Gyara ce, Malama. Kowa ana yi masa." Na karɓa na yi godiya.

A gaban mota na zauna har Rafin Guza, don duk unguwa su gani. Sale kafinta ya zo ya danna kwanon, ya girgiza, ya ce a ina na samo wannan. Na ce masa aikin guduma zan biya shi, la'ada kuwa ya nema a gaba. Ya sosa ƙeya ya hau sama. Bakwai ɗin suka rufe falo da ɗakin Rifkatu da na 'yan maza. Ɗakin ƙarshe, wanda Ishaku ya ce nawa ne, har ya sa aka yi masa taga ta gabas don ina son hasken safe, shi ya tsaya a buɗe. Ni na zaɓa. Na shimfiɗa katifata a falo, muka tare.

Mako biyu da tarewarmu ruwan farko ya sauka, da iska da ƙanƙara. Yara na ta tsalle a falo, ko ɗigo bai shigo ba. Ni kuwa na tsaya a bakin ƙofar ɗakina ina kallon ruwa na zuba a inda gadona zai zauna. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka. Falle ashirin ne kacal tsakanina da ɗakin nan, kuma ba ɓarawo ne ya sace su ba, da ƙafata na tafi na bar su.

Ruwan na ɗaukewa sai ga Yaya Bitrus da lema. Ya zaga gidan, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, bai yaba ba. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga buɗaɗɗen ɗakin, ruwa har idon sawu. Ya juyo yana girgiza kai.

"Kin gani ko, Saratu? Ga inda taurin kai ya kai ki. Matar ƙanena tana kwana a falo. Har yanzu ban janye ba. Ki ba ni bayan nan, jibi war haka an rufe ɗakin nan."

Na share fuskata da bakin zani. Na ce, "Yaya, wannan ramin ni na haƙa shi, ni zan cike shi. In damina biyu zai ɗauka, ya ɗauka. Amma daga mangwaro zuwa katanga na 'ya'yan Ishaku ne, kuma ban sa shi a kasuwa ba, balle ka taya."

Ya buɗe baki, na miƙa masa tsintsiya.

"Tunda ka riga ka jiƙe, Yaya, koro mini ruwan ta nan. Ƙofar na bayanka."